Sauron da Ke Kunnen Baba

Litinin, 3 ga Maris

Casa'in da huɗu! Na rubuta a allo, na rubuta a bayan hannuna, ga shi ina rubutawa a nan. Kashi casa'in da huɗu cikin ɗari.

Cip ɗinmu na gwaji, ɗan guntun kayan lantarkin da za a sa a sabuwar na'urar taimaka wa ji, ya dawo daga masana'anta, yau muka ɗora shi a teburin awo. Ɗan abu bai kai ƙwayar shinkafa ba, ɓangarena a cikinsa kuwa sai da madubin ƙara girma. Wata goma sha huɗu ina kansa. Dogo, mai zana mana shimfiɗar wayoyin cip, shi ya riƙe sandunan awo, ni ina kallon allon na'urar. Da lambar ta fito sai ya ce, "Na'urar awon ce ta lalace." Muka canza wata. Casa'in da huɗu dai. Na ƙwala ihu har mai shara ta leƙo ta ga ko wuta ce ta ja wani.

Laraba, 5 ga Maris

Na je gidan Baba da labari. Sai da na maimaita sau uku, don abin kunnensa a kashe yake. Batirin ba ya kai shi yamma, shi ya sa yake tattalinsa, sai ya ga baƙo ya kunna. Ni kuma ba baƙuwa ba ce a wurinsa, cewa yake ko a kashe yana jina. Tun ina yarinya Rediyo yake kirana saboda surutuna, har gobe.

Mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana gyaran agogo, wanda in ya kara agogo a kunne zai faɗa maka ciwonsa kafin ya buɗe shi. Shekara shida ke nan bai ji bugun agogo ba. Ba ya maganar, mu ma ba ma yi.

Na yi masa bayanin aikina, karo na ba adadi. Batir yana ba da wuta mai ƙarfi, kusan bolt huɗu, ƙwaƙwalwar na'urar kuma ba ta son fiye da ɗaya. Nawa ɓangaren shi ke tsakiya, yana ɗibar wutar kaɗan-kaɗan, kamar mai ɗibar ruwa a randa da ludayi yana zubawa a kofi, sau miliyoyi a daƙiƙa guda. Cikin ludayi ɗari, casa'in da huɗu na isa kofi, shida ne kawai ke zubewa. Dabarar da nake taƙama da ita kuwa: idan kofin ya cika, ludayin zama yake ya huta, ba ya motsi sai an sha ruwan.

Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Wato duk karatun nan da muka sha wahalarsa, ludayi kika ƙera?"

Yaya tana kicin ta kwashe da dariya har da tari. Na san sunan ya zauna ke nan.

Juma'a, 7 ga Maris

Shugabar sashenmu ta tara mu. Zane na ƙarshe zai tafi masana'anta ranar 28 ga wata, daga nan ba gyara, dubbai za a buga. Ta ce mafi girman lambar da ta sani a irin wannan aiki casa'in da uku ce, ta wasu can. Za a rubuta takarda a kai taron masana, sunana a farko. Na yi ta gyaɗa kai kamar dattijuwa.

An sa cip ɗin gwaji a na'urori goma don masu sa kai su gwada. Na rubuta sunan Baba kafin a gama karanta sanarwar. Dogo ya buga 94 ɓaro-ɓaro a takarda ya manna a saman teburina.

Asabar, 8 ga Maris

Na sa wa Baba. Ya yi ta juya kai kamar wanda ya shiga sabon gida. Can sai ya ɗaga murya ya ce, "Ke babbar, ina jin ki fa." Ashe Yaya tana kicin tana gunaguni ƙasa-ƙasa wai ya cika sa sukari a shayi. Shekara shida tana gulmarsa a gabansa lafiya lau, yau asiri ya tonu. Ta ce da ni, "Auta, kin ɓata mini sana'a."

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. A mota na ɗan yi kuka, kaɗan.

Litinin, 10 ga Maris

Kwana biyu, caji ɗaya. Kuma Baba ne ya kira ni da kansa, a waya!

Laraba, 12 ga Maris

Ya sake kira da rana. "Rediyo, akwai sauro a cikin abin nan naki."

Na biya bayan an tashi aiki. Na karɓa na sa a kunnena, ina tambayarsa yaushe ya fara, wane irin kuka, ko ya jiƙa shi ne, ko ya yar. Ban ji komai ba. Tas. Na ce, "Baba, ba daga na'urar ba ne. Kunne in ya kwana biyu yakan yi ƙara da kansa, likita ma ya faɗa maka." Har da ɗaga murya ina rarrabe kalmomi, yadda ake yi wa wanda ba ya ganewa.

Ya ce, "To."

Shi ke nan abin da ya ce. Ya ɗauki jarida. Ban ji daɗin wannan "to" ɗin ba, amma dai na san abin da na auna.

Alhamis, 13 ga Maris

Na ba da labarin sauro a ofis, aka sha dariya. Dogo ya zana ƙaton sauro zaune a kan 94 ɗina, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na duba takardun sauran mutum tara: batir ya daɗe, magana na fita sarai. Ba wanda ya ambaci ƙwaro.

Ni na fi kowa dariya. Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba.

Asabar, 15 ga Maris

Yaya ta kawo mini na'urar har gida, a cikin akwatinta. Wai Baba ya koma tsohuwar. Ya ce a yi mini godiya.

A ƙarƙashin na'urar akwai takarda a ninke, da ƙananan haruffan nan nasa da yake rubuta ciwon agogo a jikin ambulan. Na kwafe ta nan kada ta ɓace:

Alhamis, biyu da minti goma. An kashe fanka. Sauro ya zo.
Biyu da rabi, babbar mota ta wuce. Ya tafi. Ta yi nisa, ya dawo.
In na yi tari ya gudu.
In na shafa tebur da yatsa a hankali, muryarsa tana ƙara sirancewa.
Da tsohuwar na'ura babu shi. Ba na'ura ma babu shi.
Duk lokacin da Rediyo take nan ba ya zuwa.

Layin ƙarshen ya ba ni dariya. Na sake karantawa, dariyar ta tsaya. Ƙarar cikin kunne ina ruwanta da fanka?

Lahadi, 16 ga Maris

Na isa bayan azahar. Bai tambayi abin da ya kawo ni ba. Ya tashi ya kashe fanka, ya rufe taga, ya ce wa Yaya ta bar wanke-wanken. Ya ce in sa na'urar da na zo da ita, ya cire agogon hannunsa ya ajiye a tebur.

"Zauna. Minti biyu za ki yi shiru. Ina dubawa."

Na ce ai wannan ba wani abu ba ne. A daƙiƙa ta ashirin na tambaye shi ko an fara ƙirga. Muka sake. Na kai arba'in, sai na tuna ban faɗa masa zancen taron masana ba. Yaya tana bakin ƙofa ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Baba ya ce, "Shekara talatin da huɗu ina jiran wannan minti biyun, ba gaggawa nake ba."

A karo na uku na cije leɓe. Ɗakin ya yi tsit. Na ji numfashina, na ji cikina yana ƙugi. Sai ga shi. Siriri, can ciki, ziiii, daidai inda sauro ke tsayawa in ya ga ka fara gyangyaɗi.

Wallahi nan take na gane shi, kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta a cikin taro. Ludayina ne. In akwai hayaniya, ƙwaƙwalwar na'urar tana shan wuta sosai, ludayi yana kaiwa da komowa da saurin da kunne ba ya kamawa. In aka yi shiru sai ya riƙa hutawa, ɗiban ya ragu zuwa 'yan dubbai a daƙiƙa, wannan kuwa saurin da kunne ke ji ne. Kowane ɗiba yana ɗan girgiza wutar, girgizar ta bi ta fita ta lasifika. Hutun da nake taƙama da shi, shi ne sauron. Shi ya sa in Baba ya shafa tebur muryar ke hawa sama: aiki ya ɗan ƙaru, ludayi ya ɗan ƙara sauri. Ya auna mini komai da yatsa ɗaya.

Na ce, "Baba, na ji shi." Na cire na'urar. "Ka yafe mini abin da na faɗa ran Laraba."

Ya mayar da agogonsa hannu yana ɗaure maɗaurin a nutse. Ya ce, "Kunnen ne ya gaji, Auta. Mai kunnen yana nan."

Sai ya ce Yaya ta kawo shayi, sukari uku, yana jin ta in ta yi magana.

Litinin, 17 ga Maris

Na ja Dogo zuwa ɗakin ajiya, shi ne kawai wuri mai shiru a ginin nan. Muka zauna a kan kwalaye da ƙaramar na'urar awo a cinya. Ga shi a allo ƙiri-ƙiri, wajen dubu uku a daƙiƙa. Dogo ya cire na'urar daga kunnensa ya ce, "Mun shiga uku. Mun auna abin da yake ci in an yi shiru, ba wanda ya saurari abin da yake faɗa." Ta yaya ma za mu ji? Ɗakin awonmu fanka huɗu, na'urar sanyaya ɗaki, rediyon Dogo, ga ni. Takardar masu gwaji kuma ni na tsara ta, batir da fitar magana kawai na tambaya.

In na hana ludayi hutawa sauro zai mutu, lambar kuma ta faɗo tamanin da wani abu. Saura kwana goma sha ɗaya.

Zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa. Na yi tunanin yin shiru. Mutum tara ba su yi ƙorafi ba, Dogo ba zai faɗa ba in na roƙe shi. Tun daga ɗakin ajiya har teburina ina wannan tunanin. Karo na farko a rayuwata da na so kama bakina, kuma a inda bai kamata ba. Sai na tuna su waye za su sa abin nan: tsofaffi masu zama su kaɗai da rana, an kashe fanka, 'ya'ya sun tafi aiki. In sun ce akwai sauro, 'ya'yan su ce tsufa ne.

Talata, 18 ga Maris

Na faɗa wa Shugaba. Ta bi ni ɗakin ajiya da takalminta mai tsini, ta zauna a kan kwalin takardu, ta saurara. Ita daƙiƙa goma ta ishe ta, ba ta da ciwona.

Ta ce, "Wa ya gano?" Na ce mahaifina. "Injiniya ne?" Na ce mai gyaran agogo ne. Ta ce, "Ai shi ma injiniya ne."

Hukunci: in na kashe sauron kafin 28 ba tare da lambar ta faɗi ƙasa da casa'in ba, Ludayi zai tafi. In ban iya ba, a mayar da tsohon zanen bara mai cin batir, nawa ya jira wata shida. Har ita ma Ludayi take cewa yanzu.

Alhamis, 20 ga Maris

Tamanin da uku. Na gwada wata hanya, tamanin da biyar, sauron kuma ya koma ƙudan zuma. Na ci abincin rana a tsaye.

Asabar, 22 ga Maris

Na je gidan Baba don in yi ƙorafi, ba don komai ba. Na same shi ya shimfiɗa tsohon ƙyallen kayan aikinsa yana goge su, ko da yake ba ya gyara yanzu. Na yi ta zuba: in ya huta ya yi kuka, in bai huta ba ya yi ɓarna, don kowane ɗiba cike yake zuwa alhali kofin ɗigo kawai yake so.

Yana goge wani ɗan sukudireba mai kaurin allura ya ce, "Wai ludayin naki guda ɗaya ne tak? Ni nawa goma sha biyu ne. Ban taɓa kwance agogon hannun mata da sukudireban agogon bango ba."

Na buɗe baki zan ce ba haka abin yake ba. Na rufe. Da kaina, ba wanda ya sa ni!

Ba sai na ƙera sabo ba. In raba wanda ke akwai gida goma sha shida. In ana hayaniya duka su yi aiki tare. In an yi shiru, goma sha biyar su kwanta, guda ɗaya ya ci gaba, ɗan cokali, yana ɗiban ɗigo-ɗigo da saurin da ya wuce jin kunne. Hutu yana nan, kuka babu. Na zana a bayan ambulan ɗinsa, na fita da gudu, sai a bakin titi na ga na bar jakata da makullin mota a ciki. Na dawo na tarar ya riƙe ta a bakin ƙofa yana jira.

Talata, 25 ga Maris

A kwamfuta: casa'in da ɗaya da rabi. Mafi ƙarancin saurinsa dubu arba'in a daƙiƙa, ya yi wa kunnen mutum nisa. Dogo yana sake zana wayoyi goma sha shida a inda da ɗaya ce, yana cewa in ya makance ni zan riƙa ja masa sanda. Na kawo masa lemo da biskit, ya ce cin hanci ne, ya cinye.

Casa'in da ɗaya da rabi bai kai casa'in da uku ba. Na sani. Na lissafa ta kowace fuska, bai kai ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Zanen ya tafi! Ƙarfe huɗu saura minti goma Shugaba ta ce ni zan danna maɓallin aikawa. Na danna. Dogo ya kwanta a ƙasa warwas ya ce kada a tashe shi sai Litinin.

Takardar taron tana nan, amma ba za a ce mun fi kowa ba. Ya ɗan yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. A jerin gwaje-gwajen da kowane cip zai bi daga yau an ƙara layi ɗaya: a kai shi wuri mai shiru, a saurara minti biyu. Shugaba ta rubuta "gwajin mai agogo". Dogo ya ce a ƙara da cewa ni ba zan shiga ɗakin ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Jira. Wata uku masana'anta ke ɗauka. Baba yana nan da tsohuwar na'urarsa, kunna, kashe. Na zauna da shi da rana, yana karatu ina kallon taga. Yaya ta taɓa goshina wai ko zazzaɓi nake.

Laraba, 9 ga Yuli

Sabon cip ya dawo. Casa'in da ɗaya daidai, rabin ya bi iska. A ɗakin ajiya ni da Dogo da Shugaba muka yi ta miƙa wa juna na'urar. Ba komai. Amma ban yarda da kunnuwanmu ba, akwai wanda bai sa hannu ba tukuna.

Lahadi, 13 ga Yuli

Bayan azahar. Shi ya kashe fanka, ni na rufe taga. Na sa masa, na koma kujera na zauna a kan hannuwana.

Minti ɗaya. Biyu. Ya rufe ido. Uku. Sai na ga girarsa ta haɗe, ya karkata kai gefe. Na ce a raina shi ke nan, akwai saura, dubbai kuma an riga an buga. Ban tambaya ba. Na jira.

Ya buɗe ido ya ce, "Wa ya taɓa agogon bangon nan?"

Yaya ta ce ba wanda ya taɓa, tun da ya rataye shi yake nan, ita dai tana murɗa masa makulli duk mako.

"Ɗingishi yake. Bugu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ku saurara."

Muka saurara. Ni dai tik-tak nake ji kamar kullum. Shi kuwa ya riga ya miƙe, yana cewa a kawo kujera a sauko da shi, a miƙo masa ƙyallen kayan aiki, ba wannan tabarau ba, ɗayan. Ya kwance ƙyallen. Yaya ta juya baya wai tana neman tsumma, tsumman kuwa yana kafaɗarta.

Sai da ya buɗe bayan agogon ya tuna da ni. "Af, sauronki ya tafi. Nawa ne lambar taki yanzu?"

Na ce casa'in da ɗaya.

"Ya isa?"

Na ce ya isa.

Takardar 94 tana aljihun tebur tun watan jiya, gam ɗin ne ya saki, ban dai samu lokacin mayar da ita ba. Na zauna har la'asar ina riƙe masa ɗan faranti na ƙananan sukurori. Ya kara agogon a kunne, ya gyara, ya sake karawa. Can ya ɗago ya ce, "Rediyo, lafiya? Ko batirinki ne ya ƙare?"

Na ce ina ji ne.